Ruwa, Lungu da Takardar Fili: Abin da Unguwa Take Nema Kafin Komai

 

  

An nemi in yi magana a kan abin da mazauna unguwa suka fi buƙata ta fuskar muhalli da tsaro da ayyukan more rayuwa, a garuruwan masarautarmu ta Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Zan faɗi matsayina tun da fari, domin wanda bai yarda ba ya tanadi hujjarsa kafin lokacin tambayoyi. Buƙatun unguwa suna da jeri, wata gaba da wata, kuma mutanen unguwar ne suka san jerin. Yawancin kuɗin da ake ɓarnatarwa a garuruwanmu suna tafiya ne saboda wanda ya tsara aikin bai kwana a lungun ba, mu kuma da muke kwana a ciki ba mu taɓa zama mun daidaita bakinmu a kan abin da ya kamata a fara yi ba.

Gumel ba baƙuwar birni ba ce. Masarautar ta kafu tun ƙarni na 18, kuma lokacin da Baturen Jamus Heinrich Barth ya ratsa ta nan a 1851 ya tarar da gari mai babbar kasuwar kanwa, fatake na shiga da fita tsakanin Borno da Kano. Masu gina garin na wancan zamani sun san inda za a haƙa ƙasar gini da inda ruwa zai kwanta, sun san inda baƙo zai sauka, shi ya sa har yau muke da unguwar Zango. Abin da ya sauya shi ne yawan jama'a da saurin da gari yake faɗaɗa. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Gumel ta haura mutum dubu 100, Maigatari kuwa ta kusa dubu 180, kuma tun daga nan ba a sake ƙidaya ba. Yaran da aka haifa a shekarar ƙidayar yau su ne suke neman ɗakin aure. Kwalejin Ilimi ta jawo ɗalibai da malamai masu neman haya. Kasuwar Maigatari kowace Alhamis tana tara dubban mutane da dabbobi daga Nijar da kudancin Najeriya. Gonakin da ke bayan gari jiya, yau fulotai ne.

Bari in fara da ruwa, domin duk matar da ke cikin wannan ɗaki da shi za ta fara. Ƙasarmu jigawa ce, ba mu da kogi kamar mutanen Haɗeja ko Ringim, abin da muke sha daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa. Saboda haka ruwan unguwa ya dogara ga abin da zai ɗago shi: wutar lantarki, ko man inji, ko hasken rana, ko damtsen yarinyar da ke tuƙa famfo. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, duk rijiyar burtsatsen da ke dogara ga janareta ta zama nauyi, kuma kuɗin jarka a wajen 'yan ga-ruwa ya shiga cikin kuɗin cefane na kullum. Magidancin da ke da iyali goma ya san abin da nake faɗa. Idan famfo ya tsaya, yarinya ce take makara zuwa makaranta, ita ce kuma take dawowa bayan magariba da bokiti a ka ta lungun da babu fitila. Kun ga tun nan maganar ruwa ta shiga maganar tsaro da ta karatu.

An yi ƙoƙari wajen mayar da rijiyoyi masu amfani da hasken rana, kuma wannan hanya ce mai kyau. Sai dai ku zagaya ku ƙirga tankunan da ke tsaye a kan ƙarfe babu ɗigon ruwa a ciki. Galibi abin da ya kashe su ƙaramin abu ne: famfon cikin rijiya ya ƙone, ko an sace waya, ko bututu ya fashe aka bar shi. Ranar buɗe aiki akan yi taro, amma ba a faɗi wanda zai gyara ba, ba a kuma ajiye ko sisi don gyaran ba. Shi ya sa nake cewa idan an tambayi unguwa abin da take so, kada ta yi saurin cewa sabuwar rijiya. Ta fara da neman a tayar da wadda ta mutu, a horar da samari biyu daga cikin unguwar su iya gyaranta, a kafa kwamiti mai asusu wanda kowane gida zai riƙa zuba wani abu kaɗan duk wata, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a. Kuma a sa mata a riƙon asusun, domin su ne suka fi kowa jin zafin ranar da ruwa ya ɗauke.

Wannan ruwan da ke shigowa ke nan. Akwai kuma ruwan da ya kamata ya fita, kuma a nan nake so in daɗe, domin shi ne yake rushe gidaje.

Ginin ƙasa ba ya tsoron ruwan da ke zuba a kansa matuƙar an yi yaɓe, indararo kuma na aiki. Abin da ke kayar da shi shi ne ruwan da ya kwanta a gindin katanga kwana biyu ko uku, ya jiƙa tushe, sai cikin dare a ji ɗaki ya rufta. A daminar 2020 da ta 2022 Jigawa ta ga wannan da idonta. A yankunan kogi ambaliya ce ta ci gonaki da garuruwa. A irin namu garuruwa kuwa ruwan sama ne da ya rasa hanyar wucewa. Me ya toshe masa hanya? Mu ne. Kududdufan da kakanninmu suka haƙa suka ɗebi ƙasar gini, su ne ma'ajiyar ruwan gari. Mun cika su da shara, daga baya wani ya zo ya ce filin gidansu ne, ya yanka ya sayar, aka ɗora bulo a kai. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa, idan ya tarar da gini a mazauninsa sai ya shiga gidan maƙwabci, galibi gidan wanda ya fi kowa rauni, mai ginin ƙasa wanda ba shi da halin ɗaga dandamali.

Saboda haka idan ana maganar muhalli, ni ba na fara hango rukunin gidaje ɗari da fenti iri ɗaya a bakin titi. Irin waɗannan gidaje suna da amfaninsu ga ma'aikacin da ake iya cire kuɗi daga albashinsa. Amma mai facin taya, da mai sayar da ƙosai, da manomin gero da riɗi, gidansu suke ginawa da kansu, ɗaki ɗaya bana, ɗaya baɗi idan kaka ta yi kyau. Abin da suke nema a wajen hukuma shi ne kada ruwa ya ci abin da suka gina, kada kuma wani ya zo da takarda ya ce filin nasa ne. Lambatu mai zurfi da ya san inda zai kai ruwa ya fi yi wa talakan unguwar Ƙofar Arewa ko Dantanoma ko Galagamma amfani fiye da gidan da ba zai taɓa iya saya ba. Na ce wanda ya san inda zai kai ruwa, domin an sha gina magudana a bakin titi ta yi tafiya ta tsaya a tsakiyar unguwa, ta tara ruwan layi biyar ta juye a layi na shida. Ina roƙon iyayenmu masu unguwanni da dagatai, Allah ya ja zamaninku, ku haɗa kai da ƙananan hukumomi a rubuta sunan kowane kududdufi da ya rage, a kafa masa alama, a hana sa hannu a kan cinikinsa.

Daga nan sai fili. Kowa ya san awon igiya: mai gona ya kira dillali, a ja igiya, a yanka fulotai, a bar wata 'yar siririyar hanya da kura ɗaya ba za ta wuce wata ba. Babu wurin makaranta, babu wurin asibiti, babu maƙabarta, babu inda za a dasa tiransifoma. Mai gona yana son fulotai su yi yawa, mai saye yana son araha, babu mai tunanin shekara goma masu zuwa. Ba na zargin talakan da ya saya, domin fulotin gwamnati bai kai gare shi ba. Amma lungun da aka matse yau ba ya buɗuwa gobe sai da rusau da kuka. Ranar da mace take naƙuda, mota ba za ta shiga ba. Ranar da gobara ta tashi, motar kashe wuta za ta tsaya a bakin titi tana kallo.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora ƙasar birane a hannun gwamna, shi ke ba da shaidar mallaka, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a wuraren da ba a ayyana su birni ba. Wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba, idan gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, dokar tana biyan diyya ne a kan abin da aka gina ko aka shuka, ƙasar kanta ba a lissafa ta. Mutanen Gagarawa da Sule Tankarkar ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani, domin sun ga taƙaddamar da ta biyo bayan ware kimanin hekta dubu 12 ga kamfanin Lee don noman rake, inda manoma suka daɗe suna ƙorafi kan gonakin gado da diyya. Ba ina gaba da masu zuba jari ba ne, muna son masana'anta, muna son aikin yi ga yaranmu. Abin da nake ɗauka daga wannan lamari shi ne wanda ba shi da rubutacciyar shaida yana zuwa teburin magana da rauni. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu tana da daraja, amma ba ta kai shaidar hukuma ba. Ya kamata unguwanni su nemi a sauƙaƙa rajistar gidaje, a kawo ma'aikatan ƙasa da safiyo nan Gumel su zauna na wasu makonni, kuɗin ya zama sananne an liƙa shi a bango, maimakon mutum ya yi ta zarya zuwa Dutse. Marayu da zawarawa su ne za su fi cin moriyar wannan, domin gidansu ne aka fi yi wa kutse idan maigida ya kwanta dama.

Akwai wani ɓangare na gida da ba mu cika haɗa shi da lafiya ba, wato iska. Ɗakin bulo mai rufin kwano, babu silin, taga ɗaya ƙarama ita ma an toshe ta da kwali saboda ƙura, mutum takwas a ciki cikin watan Maris. A irin wannan ɗaki sanƙarau yake yaɗuwa. A ɓarkewar cutar ta ƙarshen 2022 zuwa 2023, mafi yawan waɗanda aka yi zargin sun kamu a duk Najeriya daga Jigawa suke, kuma Maigatari da Sule Tankarkar suna cikin wuraren da abin ya fi tsanani, ga kuma jihar Damagaram a tsallaken iyaka tana fama da irinsa. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kariya daga nau'i biyar na ƙwayar cutar, kuma Jigawa na cikin jihohin da aka fara da su. Mu kai yaranmu rigakafi. Magina kuma, ku daina yarda mai gida ya rage taga don ya rage kuɗi, ku faɗa masa gaskiya. A shuka darbejiya a ƙofar gida da tsakar gida, inuwarta tana rage zafin ɗaki tana kuma tare iskar da ke yaye kwano a farkon damina.

Sai kuma maganar tsafta. A watan Oktoba 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta daina bahaya a fili. Abin alfahari ne, kuma da guminmu aka same shi. Riƙe shi ya fi samunsa wuya. Gidan haya mai ɗaki goma da masai ɗaya, da makarantar allo mai almajirai da yawa babu wurin zagayawa, da kasuwa irin ta Maigatari ranar Alhamis, waɗannan su ne wuraren da za su iya mayar da mu baya, kuma mun ga abin da amai da gudawa ya yi a jihar nan a 2021. A da akwai duba-gari mai shiga gida gida ya leƙa randa da kwata, ana jin nauyinsa. Ma'aikatan lafiyar muhalli suna nan har yanzu a ƙananan hukumomi, a ba su abin hawa da goyon baya su dawo lungu.

Yanzu tsaro. Mun gode wa Allah, yankinmu bai faɗa cikin irin bala'in 'yan bindigar da ya sami 'yan'uwanmu na Zamfara da Katsina ba, Allah ya kawo musu sauƙi. Tsaron da mazaunin Gumel ko Maigatari yake magana a kai shi ne kada a haura masa katanga a kwance akuya, kada a sace babur a ƙofar masallaci, kada kangon da ke bayan gidansa ya zama matattarar masu shaye-shaye, 'yarsa kuma ta dawo daga Islamiyya lafiya. Yawancin wannan ba aikin bindiga ba ne. Fitila mai aiki a mahaɗar lungu, kango a kewaye shi ko a tilasta wa mai shi ya gina, mai ba da haya ya kai baƙonsa wajen mai unguwa kamar yadda aka saba tun da, 'yan sintiri su zama sanannu masu rajista da ke miƙa wanda suka kama ga 'yan sanda ba tare da duka ba. Ina jaddada wannan na ƙarshe, domin sintirin da ya koma ɗaukar doka a hannu shi ma barazana ne ga unguwa.

Mu mutanen kan iyaka ne, kuma iyaka tana shiga har cikin tukunyarmu. An rufe ta a watan Agusta 2019, ba a buɗe Maigatari ba sai Disamba 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Duk lokacin da aka rufe, ɗan dako da direba da dillalin dabbobi da mai abinci a tasha su ne suke zama babu abin yi, kuma saurayin da ya wuni bai sami ko na sabulu ba shi ne wanda masu ƙwaya suke jira. Duk mai son zaman lafiyar unguwannin Maigatari dole ya so kasuwarta ta ci, ya so yankin ciniki na musamman da aka kafa a garin ya yi aikin da aka kafa shi dominsa.

Akwai kuma haɗarin da muke ajiyewa da hannunmu, wato man fetur a jarkoki cikin gidajen da ake girki da itace. Abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a watan Oktoba 2024, inda tankar mai ta faɗi ta kama da wuta mutum sama da 150 suka rasu, ya isa ya sa kowannenmu ya ji tsoron wannan abu. Allah ya jiƙansu. Duk unguwar da ake sayar da mai a cikinta ta zauna da masu sana'ar a samo musu wuri nesa da ɗakunan kwana, ba tare da an kashe musu hanyar abinci ba.

To, wa za a kai wa waɗannan buƙatu? Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma: tituna na cikin gari da magudanan ruwa da fitilun kan hanya, kwashe shara, ban-ɗakunan jama'a, kasuwanni da tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, har da raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba. Kusan duk abin da na ambata yana cikin wannan jeri. Kuma a ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Saboda haka kansilan mazaɓarku da shugaban ƙaramar hukumarku su ne ƙofar farko. Gwamna Umar Namadi kuma ya fito da shirin Gwamnati da Jama'a, inda ake zuwa ƙananan hukumomi a saurari mutane. Dama ce, amma irin wannan zama yana amfanar wanda ya zo a shirye. Idan mutum ashirin suka tashi kowa da tasa buƙata, jami'i zai zaɓi wadda ta fi masa sauƙi. Idan unguwa ta zo da takarda ɗaya mai abu uku a jere, da sa hannun mai unguwa da liman da wakiliyar mata da wakilin matasa, da wuya a kauce mata.

Wasu sun riga mu gwada wannan. A birnin Porto Alegre na ƙasar Barazil, a 1989 mazauna unguwanni suka fara taruwa suna jera ayyukan da za a sa a kasafin kuɗin birni, kuma a shekarun farko abin da talakawa suka fi zaɓa shi ne ruwa da magudana da gyaran layi. A unguwar Orangi ta birnin Karachi a Pakistan, daga 1980, wani masani mai suna Akhtar Hameed Khan ya taimaka wa mazauna suka riƙa haɗa kuɗi layi layi suna shimfiɗa bututun ƙazanta da hannunsu, aka bar wa hukuma manyan hanyoyin da ƙananan za su zuba a ciki. Wannan rabon aiki shi nake so mu ɗauka, kuma ba baƙo ba ne a wajenmu, aikin gayya ne aka yi masa tsari da ma'auni. Yashe kwatar ƙofar gida da hana zuba leda a lambatu namu ne. Babbar magudanar da za ta fitar da ruwa bayan gari, da awon filaye, da motar kashe gobara mai ruwa a ciki, na hukuma ne, kuma kada mu ji kunyar nema.

Wani zai ce mata ba sa zuwa taron ƙofar gidan mai unguwa. Gaskiya ne, saboda haka a yi musu nasu zaman a makarantar Islamiyya ko a gidan wata dattijuwa, a rubuta abin da suka faɗa, a kawo a haɗa. A tambayi 'yan haya su ma, da masu lalura ta musamman, da malaman tsangaya. Jerin da magidanta masu gidan kansu kaɗai suka tsara zai fito da kwalta a sama, ruwa a ƙasa.

Roƙona gare ku shi ne kafin saukar ruwan farko na damina mai zuwa, kowace unguwa a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar ta yi wannan zama. Ku zagaya da ƙafa ku rubuta famfunan da suka mutu, da wuraren da ruwa ke kwanciya, da kududdufan da suka rage, da kangwaye, da mahaɗun da babu fitila. Ku zaɓi abu uku, ku ware wanda za ku yi da kanku, ku kai sauran ga kansila a rubuce, ku riƙe kwafi, ku sa ranar da za ku koma ku tambaya. Iyayenmu masu unguwanni, a ƙofar gidajenku za a fara, muna roƙon ku kira taron.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka.